Ranar da Goggo Ta Kai Ruwan Rijiyarmu Biki

Jiya 'yata ta kunna waƙar wata baƙar Ba'amurkiya a waya, murya mai kauri da ɗan dushi-dushi. Ta ce wai matar ta yi ta waƙa ne kan wulaƙancin da ake wa mutanenta. Ban ji kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi. Wallahi muryar Goggo ce sak!

Goggo yayar babana ce, zabiyar amada a ƙauyenmu da ke bayan masana'antun fata na Challawa. In ba ku taɓa ganin kiɗan ba, ƙwarya ake kifawa a kan ruwa cikin baho a riƙa duka. Ruwan kuwa masu biki ke bayarwa.

A wata damina, ina yarinya ƙarama, ruwan jimar fata na wani kamfani ya malalo ya sauka rijiyarmu. Ya koma baƙi-ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙafafuna suka yi ƙuraje, na sosa har jini. Dattawa sun je ƙofar kamfani sun gaji, maigadi ke koro su.

Sai ga gayyata: mai kamfanin zai aurar da 'yarsa a Bompai, ana son Goggo a yinin biki. Babana ya ga tana ɗura jarka a rijiya, ya ce, "Yaya, ki rufa mana asiri, da wannan waƙar kike ci."

Ta ce, "Ni da ruwana zan je."

Kai, ranar da ni ta tafi, na ga abu! Mata sun sha leshi, turare na tashi. Aka kawo ruwan famfo, Goggo ta ce a mayar. Ta tuttula namu a baho, 'yan amshinta suka kifa ƙwarya. Nan take hajiyoyi suka fara toshe hanci da mayafi. Ita ko a jikinta. Ta saki muryar nan, ta yabi amarya, ta yabi fatarta mai sheƙi, sannan ta ɗaga ni cak, ta nuna ƙafafuna, ta ce ga tata amaryar, da wannan ruwan ake mata wanka. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kashe ni! Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Uwar amarya ta tashi ta shige ciki.

Kafin kaka aka haƙa mana burtsatse. Goggo kuwa, har ta koma ga Allah, babu gidan mai hali da ya sake kiranta. Sai sunan maƙwabta da bikin 'yan aikin kamfani.

Yanzu na'ura ake kunnawa a biki, yara ba su ma san ana kaɗa ƙwarya ba. Jikokin maƙwabtanmu suna wasa da ruwan burtsatsen nan, suna ɓarnatarwa. Nakan ɗaga murya zan yi faɗa, sai in ga ƙafafunsu sumul, in ƙyale su.