Hoton Kan Ismaël a Teburin Mudi

Shekara ashirin da shida Mudi ya yi yana sayar da sigari a bakin titi a unguwar Sabangali, tun zuwansa daga Maraɗi da 'yar jakarsa. Kara ɗaya, kara biyu, da haka ya yi aure, da haka ya sa ɗansa Ismaël a makaranta. Ismaël kuwa, baki kamar rediyo! In ya taso daga makaranta sai ya haye benci ya cika uban da labari, Hausa da Larabci da Faransanci a cakuɗe, har Mudi ya ce, "Kai, bar ni in ji da masu saye mana!"

Wayyo, yau wannan surutun yake nema ido rufe.

Ismaël yana shekara ashirin ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi. Ya ɗauke wa kowa magana, ba abin da ke shiga bakinsa da daɗi sai sigari, wannan na mutuwa yana kunna wancan. Mudi ya ce shi ke nan, hajarsa ce ta cinye masa ɗa. Ya kwashe kwalayen ya cinna musu wuta, ya koma sayar da goro da alewa.

Da aka ɗauki hoton kan Ismaël a asibiti, Mudi ya ɗaga baƙar takardar ya kara ta da rana, wai yana neman inda hayaƙi ya yi tabo.

Likita Nafissa ta ce, "Baba, wannan hoton ba zai nuna maka ba. Akwai wasu 'yan gurabe a ƙwaƙwalwa da sinadarin taba ke kamawa. A ƙasashen waje ana ɗaukar hotonsu a kan masu sabon ciwo irin nasa, ana neman dangantakar tabar da ciwon. Su ma ba su gama ganewa ba. Mu nan ko injin ɗaukar irin wannan hoton ba mu da shi."

"To 'yata, wa zai gaya mini ko ni na jawo masa?"

Ta sunkuyar da kai, ta rubuta magani.

Mudi ya rataye hoton a tebur, daidai inda kwalayen sigari suke a da. Kullum sai ya share shi da hannun riga.

Wata bakwai ana shan magani, maganarsa ba ta dawo ba. Ran nan da la'asar sai ga Ismaël ya zo ya zauna a bencin nan nasa. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Baba, ba ni kara ɗaya."

Mudi ya dubi tebur, goro ne da alewa. Hawaye ya zubo masa.

"Babu, ɗana," in ji shi. "Amma don Allah, sake tambayata."