Sunan da Kaka Ba Ta Kira Ba

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Ga ta nan tafe gare ku, amma kada kowa ya tanadi dariya. Ni ban yi karatun alƙalami ba, jikata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana.

A unguwar Harra ta Yamma, cikin Madina, aka haife ni, tun gidajenmu na baƙin dutse ne da laka. Idan sanyin Madina ya shigo, irin mai shiga ƙashi, da an sallame magariba sai Kaka, mahaifiyar babana, ta fito da kaskon wuta tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Ita kaɗai ce a lungunmu take soya gahawa har ta yi baƙi wuluk. Mutanen gari sun fi son tasu fara-fara, maƙwabta kuwa kullum cikin yi mata tsiya suke ta kan katanga.

"Hajiya, yau ma kin ƙona ta!"

"Inda na gano ta haka ake sha," in ji ta. "Ku da ba ku taɓa ganin uwarta ba, me kuka sani?"

Sai ta zagaya da kaskon suya a gaban hancin kowannenmu, mu shaƙi hayaƙin. Bayan haka ne take ba da labari. Tana da su da yawa, amma akwai ɗaya da ba ta bayarwa sai ranar da sama ta yi duhu da hadari, abin da ba kasafai ake gani a garin nan ba.

Takan ce, an yi wani ayari da ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, za shi Makka. Su yi tafiya, su tsaya su yi noma, su sake ɗaukar kaya. Da suka zo wani wuri aka ce musu hanyar gaba ba lafiya, sai madugu ya karkata da su ta duwatsun Habasha. Nan muryar Kaka takan sauya. Ta ce hawa suke yi kullum, har numfashi ya riƙa yankewa. Itatuwa sun rufe sama, gansakuka na reto a jikinsu kamar gemun tsofaffi. Ruwa na ɗiga daga ganye alhali ba a yi ruwan sama ba. Akwai birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa, sai ka ce sun yafa mayafi. A ƙarƙashin manyan itatuwan nan gahawa take fitowa, ba wanda ya shuka ta, 'ya'yanta jajaye, in ka tsotsa da zaƙi. Gajimare kuma ba a sama yake ba, a ƙasa yake tafiya tare da mutane.

Mu da muka tashi ba mu san komai ba sai baƙin dutse da dabino, sai mu ce, "Kai, Kaka! Gajimare a ƙasa?"

"A ƙasa. Ki miƙa hannunki ki nemi yatsunki ki rasa."

Ta ce mutanen wajen ba sa barin baƙo ya wuce. Ba ka jin harshensu, ba sa jin naka, amma za su shimfiɗa ɗanyar ciyawa, su soya gahawa a gabanka, su ba ka hayaƙin ka shaƙa, kuma ba ka tashi sai ka sha finjalin ƙarshe, wanda suke cewa na albarka.

To, a cikin ayarin akwai wata mata. Mijinta na gaba cikin maza. Tana goye da jariri, 'yarta ta fari na riƙe da bakin zanenta, uwar mijinta na bin ta a baya. Kun san al'adarmu ta da: mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta nuna idonta na kansa, balle a gaban suruka. Wata safiya suna bin wata siririyar hanya a gefen kwari, yarinyar ta hango jajayen 'ya'yan gahawa, ta saki zanen uwarta ta ratse. Uwar na kallonta. Ba nisa, da ta ɗaga murya da shi ke nan. Ta kuma ga gajimare na tasowa daga kwarin kamar an buɗe tukunya. Ta buɗe baki, sai ta ji numfashin surukarta a bayan wuyanta. Sai ta ce a hankali, "Ke. Ke yarinyar nan."

Kaka takan tsaya a nan ta gyara garwashi, ko da bai buƙaci gyara ba.

"Yarinya ba ta waiwayo ba," in ji ta. "Yara mata sun yi yawa a ayarin, kowace 'ke' ce. Kafin tsohuwar ta lura ta kwaɗa kiran sunan, fari ya rufe ko'ina."

Aka nema. Mutanen ƙauyen suka fito da karnuka da ƙaho, suka bi kwari suka bi tudu. Kwanaki suka wuce, madugu ya ce damina na ƙara ƙarfi, in kogin gaba ya cika ba mai haye shi. Ayari ya tashi.

Mukan ce, "Sai me ya faru da ita?"

Wani dare Kaka ta ce masu tsinkar gahawa sun same ta tana barci a gindin itace, suka raine ta. Wani dare ta ce ta girma ta yi gona mai faɗi, duk baƙon da ya zo daga yamma sai ta ciyar da shi. Yayana, da yake ba ya barin magana ta wuce, ya ce, "Kaka, rannan ba haka kika ce ba. Kin ce birai ne suka nuna mata hanya."

"Labarina ne ko naka, mai kan gwanda? Tashi ka kai wa babanka gahawa."

Muka yi dariya. Tatsuniya muka ɗauke ta, har mukan yi wasan gajimare da farin mayafin mamata.

Sai da na yi aure na haifi Haruna, ɗana na fari. I, na kama sunansa, za ku ji dalili. Wata rana yana rarrafe ya nufi kaskon wuta, uwar mijina na zaune, ni kuwa na sunkuyar da kai ina cewa, "Kai, kai ɗan nan." Kaka a lokacin ta tsufa, da ƙyar take miƙewa, amma ta daka mini tsawar da ban taɓa ji a bakinta ba.

"Kira shi da sunansa! Kira shi in ji!"

Na ce, "Haruna." Yaro ya tsaya ya juyo.

Da ɗaki ya rage daga ni sai ita, na dube ta. Na ce, "Kaka, ke ce matar?"

Ta ce, "Jaririn da ke goye shi ne ubanki."

Na ce, "Mene ne sunanta?"

Wallahi na ga leɓenta ya motsa. Ta haɗa shi, ta buɗe, ba abin da ya fito. Can ta ce, "Bakina bai taɓa sabawa da shi ba. Ki bari sai wani lokaci." Na ga kamar in na matsa mata na yi rashin ɗa'a, na bari. Surukarta ta rasu tun a hanya, mijinta ya rasu babana bai yi wayo ba. Ita kaɗai ta rage da sunan a duniya, kuma kafin sanyi ya zagayo aka kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Shekaru suka tafi. Gidajen dutse suka zama na siminti, kaskon wuta ya koma murhun gas, jikoki suka taso suna jin Hausa suna mayar mini da Larabci. Daga cikinsu akwai Mazin ɗan Haruna, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Shekarun baya kaɗan, bayan an shiga dubu biyu a lissafin Nasara, ya shigo mini da wasu takalma masu nauyi kamar na soja da jaka a baya.

Na ce, "Maigidana, yaƙi za ka ka bar ni ba cefane?"

"La ya sitti," in ji shi, wato "a'a kakata" da Larabcinsu, "Habasha za mu da abokaina. Hawan dutse, mu ga daji, mu ga gonakin gahawa."

"Kakanninka sun hau dutse don ba su da jirgi. Kai kana da jirgi, za ka je ka nemi wahala da kanka?"

Ya yi dariya. Sai na zaunar da shi na ba shi labarin nan kaf, wannan karon ba a matsayin tatsuniya ba. Da na gama ya ce da Hausarsa mai tsalle-tsalle, "Ni zan tambaya, sitti. Wallahi zan tambaya."

Ya tambaya kuwa. Rannan da la'asar wayar gida ta yi ƙara, muryarsa na zuwa tana yankewa. Ya ce komai yana nan yadda Kaka ta faɗa: gansakuka, birai masu mayafi, gajimare da ke shiga har cikin riga. Ya ce a wani ƙauye an shimfiɗa musu ciyawa, an ba su hayaƙi sun shaƙa. Ta bakin mai yi musu ja-gora ya ba dattawa labarin. Suka ce i, a tsaunukan nan akwai gidaje da ake cewa kakarsu baƙuwa ce, 'yar mahajjatan yamma da aka tsinta, amma gidajen ba ɗaya ba ne, kuma a warwatse suke. Wani tsoho ya ce yaron da aka tsinta komai zai manta ban da sunansa, kuma sunan baƙi yakan zauna a gida, a yi ta mayar wa jikoki.

"Sitti, suna kawai suke so. Ki faɗa mini, gobe mu kama hanya."

Na riƙe wayar nan. Na ji shi yana cewa, "Alo? Sitti? Alo?"

Na ce, "Sha finjalin albarka, ka yi musu godiya, ka dawo gida."

Da ina yarinya na ɗauka labarin yana koya mana kada yaro ya saki zanen uwarsa. Da na haihu na ɗauka yana koya wa uwa ta ɗaga murya. Yanzu da na tsufa na ga kunyar da ta rufe bakin Kaka a kan dutse ita ce ta rufe nawa a gabanta, ranar da sunan ke kan leɓenta. Ban ce kunya ba ta da kyau ba, da ita aka raine mu. Amma mu biyu mun ba ta abin da ba nata ba.

Babana ya rayu ya rasu bai san yana da yaya mace ba, don ban iya gaya masa ba. Yayana mai gardama ya rasu a Jidda. Haruna na nan unguwar Al-Sih da iyalinsa, har yau in na kira sunansa daga ƙofar gida tsofaffin lungu sai su kama baki. Mazin ya dawo da ƙafa a kumbure da ɗanyar gahawa a ƙullin leda, ya yi aure, ya haifi 'ya, matarsa na kiranta da sunanta tun ranar suna.

Ita kuwa yarinyar, Allah ne ya san inda ta kwanta. Duk ranar da hadari ya haɗu a Madina nakan soya gahawa har ta yi baƙi, in zuba finjali ɗaya in ajiye gefe, in yi mata addu'a. In na zo wurin suna sai in ce, "Ke yarinyar nan." Shi kaɗai aka bar mini, Allah kuwa ya san wadda nake nufi.