Ɓarawon da Ba Ya Taka Ƙasa

A Zugu, in saniyarka ta ɓata, ba ka fara kuka sai Mu'azu ya ce ka yi. Tun yana saurayi yake bin sawu. Ya durƙusa ya dubi ƙasa, ya ce, "Wagga ta bi hwadama, ɗingishi takai." Can kuwa za a same ta.

To, zamani riga. Ɓarayin yanzu da bindiga suke zuwa, ko ka ga sawun wa zai bi ka daji? Mu'azu ya gaji da kwanan zullumi a kan shanun nomansa biyu, baƙi da wani fari mai ɓantararren kofato. Bayan girbi ya sayar da su, ya zuba kuɗin a banki a Gummi, da niyyar sayen wasu in damina ta kawo kai. Matarsa Sahura ta ce, "Ka ba da mai numfashi ka amso lamba?" Ya ce ai lamba ba a kora ta daji.

Ran nan sai ga saƙon imel a wayarsa, da Hausa raɗau: wai banki zai rufe asusunsa in bai tabbatar da lambobinsa ba. Mu'azu ba wawa ba ne, wallahi. Ya ɗauko katinsa, ya gwada tambarin jikinsa da na saƙon, yadda yake duba tsagar kunnen saniya. Iri ɗaya sak! Ya danna, ya cike lambobin sirrinsa tsaf. Kafin la'asar asusu ya koma fayau.

Ya hau kabu-kabu har Gummi. Ya ce wa ma'aikacin banki, "Ku dai gwada man sawunai, in bi shi."

Ma'aikacin ya sauke numfashi. "Baba, wanga ɓarawo ba ya taka ƙasa."

Damina ta sauka, daga shi sai Sahura sai fartanya, ga baya ya ƙage. Kai, abin da ban tausayi. Wata safiya bayan ruwa, ya ga sawun ɓantararren kofaton nan a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙafarsa ta bi tun zuciyarsa ba ta yarda ba, har gonar wanda ya sayi shanun nasa. Ga su suna jan garma, sun yi ɓul-ɓul. Farin ya ɗago kai yana shinshinar iska.

Mai gonar ya ce, "Malam Mu'azu, an yi ɓata ne?"

"Babu," in ji Mu'azu. "Ga su nan inda nik kai su da hannuna."

Ya saɓa fartanyarsa ya juya.