Darasin Huluna na Baffa Hedimasta

Duk wanda ya taɓa zama da Baffa Hedimasta ya san ba a gaya masa magana a wuce salin-alin. Ka ce masa an ga wata, ya ce, "In ji wa?" Ka ce gero ya sauka a kasuwa, "In ji wa?" Rediyo ma bai tsira ba. Yana zaune a ƙofar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da akwatinsa a cinya, mai labarai na karantawa, shi kuma yana mayar masa da martani kamar a tabarma ɗaya suke. Ranar da likita ya ce masa yana da hawan jini ma haka ya yi. Likita ya ce, "In ji ni, Baba." Baffa ya ce, "Kai ma ai ji ka yi daga wannan abin da ka ɗaura min a hannu."

Wan mahaifina ne, ya yi shekaru yana shugabantar firamare kafin ya yi ritaya. Kuma kun sani, a duniya babu abin da ya tsana kamar soja. Tun zamanin da ake tilasta wa mutane bin layi wani kurtu ya sa shi tsallen kwaɗo a tashar bas, da babbar rigarsa, a gaban ɗalibansa. Ni kuwa sai Allah ya haɗa ni aure da soja, Isa. Baffa ya zo ɗaurin auren, amma ko goro bai karɓa ba.

Isa ya rasu a bakin aiki a wata ƙasa, na dawo gida da yara biyu, Hindatu da ƙanenta Nura. Nura yana da sikila, in ya je makaranta yau, gobe yana kwance. Ga malamai kullum cikin yajin aiki. Wata safiya Baffa ya ga na goyo yaron daga makaranta yana kuka, ya ce, "Rabi, daga yau zauren nan ne ajinsu. Ni zan koyar da su, su biyun."

Na ji daɗi, amma akwai abin da ya dame ni. Lissafi da Turanci ban damu ba, na san a nan babu na biyunsa. Tarihi nake tsoro. Shekarar 1999 ce, soja na shirin komawa bariki, kowa a unguwa bakinsa ya buɗe, ana ta zagin masu kaki. Nura bai san ubansa sosai ba, abin da yake da shi kawai hoton da ke bangon ɗakina, Isa da kakinsa. Ban so a ɓata masa wannan hoton ba, ga shi mutumin da zai koya masa tarihin Nijeriya Baffa ne.

Don haka da ya ce zai je sayen littafin tarihi, na yafa mayafi na bi shi. Muka shiga wani kantin littattafai a Titin Gidan Zoo. Mai kanti ya ɗauko wani, ya kaɗe shi, ya ce duk makarantu shi suke amfani da shi. Baffa ya lashi yatsa, bai fara daga farko ba, sai ya juya can ƙarshe. Ga hoton wani Janar ya cika shafi, a ƙasa an rubuta cewa shi ne ya ceci ƙasa.

"In ji wa?"

"Au, Malam, ashe tsohon bugu na ba ka. Ga sabo nan, jiya-jiya ya iso."

Baffa ya shimfiɗa su biyun a kan kanta, ya dinga buɗe su tare, shafi da shafi. Komai iri ɗaya, har kuskuren bugawa. Sai a babin ƙarshe, inda tsohon ya ce Janar ya ceci ƙasa, sabon ya ce ya jefa ta cikin duhu. Baffa ya duba bango.

"Mutum ɗaya ne ya rubuta duka biyun?"

"Ai gyarawa ya yi, Malam. Zamani ya canja."

"La ilaha illallahu! Wato littafin ma ritaya ya yi, ya tuɓe kaki ya sa babbar riga."

Mutanen da ke kantin suka fashe da dariya, don kowa ya san wanda aka zaɓa a lokacin shi ma haka ya yi. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai kanti ya kawo na uku, Baffa ya ce wannan ya tsaya a ranar samun 'yancin kai kamar daga nan aka tashi duniya. Ya kawo na huɗu, Baffa ya ce Turancinsa ko marubucin bai gane ba, balle ɗan aji uku. Muka fito hannu rabbana.

Washegari na shigo zaure na tarar ya kafa ƙusoshi a jere a bango. A na farko ya rataye tsohuwar malafa, ya ce Bature ke nan. Na biyu farar hularsa ta zuwa Juma'a. Na uku kuwa, jama'a, kwanon shana na silba! Ya huda masa baki ya zura igiya.

"Baffa, kwanona!"

"Ba kwanonki ba ne yanzu, mulkin soja ne. Ai hular kwano ake ce mata, ko ba haka ba?"

Bayan kwanon ya sake rataye farar hula, bayanta wani kwanon, wannan karon na Inna matarsa. Ƙusa ta ƙarshe ya bar ta babu komai, ya ce sai ya gani da idonsa. Wannan shi ne manhajar. Yara su tsaya su rera, "Malafa, fara, kwano, fara, kwano." In an zo darasi, ɗaya ya sa hular zamanin, ya yi abin da masu ita suka yi. Mai malafa ya karɓi haraji, mai farar hula ya yi alƙawari, mai kwano kuwa duk abin da ya gani nasa ne. Gaskiya sun koya. Hindatu tana aji huɗu, amma ta fi ni sanin wa ya bi bayan wa.

Sai dai ta koya fiye da yadda ake so. Wata rana da hantsi ina tsakar gida ina wanki, na ji ana buga bokiti kamar gangar fareti. Na ɗaga kai na ga Hindatu a kan turmi, kwano a ka, Nura a gefe yana kiɗa.

"'Yan uwana mutanen gidan nan, ni Hindatu na kifar da gwamnatin Baffa. An rushe darasin lissafi. An sa dokar hana wanka har sai abin da hali ya yi."

Daga cikin banɗaki na ji muryar Baffa, "In ji wa?"

"In ji kwano!"

Innalillahi! Ashe jira ta yi ya shiga, ta zura sakata ta waje. Dattijo mai furfura, wanda manyan ma'aikata ke durƙusawa su gaishe shi. Na yar da wanki na ruga zan buɗe, ina cewa yau sai na karya yarinyar nan. Sai Baffa ya daka min tsawa daga ciki.

"Kar ki buɗe, Rabi! Bar ta ta gama jawabi. Duk shekarun da na yi a aji ba a taɓa gane darasin nan kamar yau ba."

Haka na tsaya baki buɗe, yana tattaunawa da ita ta ramin ƙofa kan yaushe za ta miƙa mulki. Ta ce bayan an sauke abinci. Aka sauke, ta ce tana bukatar ƙarin lokaci. Kiran sallar azahar ne ya fito da shi, yana gumi yana murmushi.

Bayan an rantsar da sababbin shugabanni, kansilan mazaɓarmu ya zo gaida Baffa, don tsohon ɗalibinsa ne. Ya zo da shadda tana ƙyalli da hula shuɗiya. Baffa ya ce wa yara ga ɗan farar hula nan su gani da idonsu. Hindatu ta dubi kan mutumin, ta dubi bango, ta sake duban kansa.

"Baffa, ai hularsa ba fara ba ce. Kuma ba kwano ba ce. Shi wane iri ne?"

"Wannan sabon babi ne, ba mu kai wurin ba tukuna. Ni kaina ban san yadda zai ƙare ba."

Kansila ya yi dariyar yaƙe, ko ruwan da na kawo masa bai shanye ba.

Duk wannan ina dariya ina salati, har ranar da abin da nake tsoro ya faru. Na shiga ɗaki na ga hoton Isa an juya fuskarsa bango. Nura na zaune a bakin gado. Na tambaye shi wa ya yi haka, ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, ashe Abba ɗan kwano ne. Su ne masu ƙwace."

Na fito a fusace. Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar. Na same shi a zaure na gaya masa abin da yaron ya ce. Na ga ya buɗe baki, na san abin da zai fito, na riga shi.

"In ji kai, Baffa! Kai ka koya masa. Marayan nan hoto ɗaya gare shi, shi ma ka raba shi da shi."

Baffa bai yi musu ba. Ku da kuka san shi kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar ko rediyo bai kunna ba.

Da safe ya sa rigarsa ta fita, ya ce mu shirya. Ya kai mu bakin kasuwar Tarauni, rumfar Kofur Sale mai sayar da katako. Kofur abokin aikin Isa ne, shi ya kawo min akwatinsa bayan rasuwar. Duk sallah yakan zo gaishe mu, Baffa kuma ta hanci yake amsa masa. Da Kofur ya hango mu sai ya miƙe tsaye a tsorace. Baffa ya miƙa masa hannu biyu, ya zauna a kan benci.

"Kofur, malami muka zo nema. Yaron nan yana bukatar tarihin ubansa, ni kuwa ban san shi ba, don ban taɓa yarda in sani ba. Kai ka sani."

Kofur ya zaunar da Nura kusa da shi. Ya ce Isa ba ya tsoron harsashi amma in ya ga allura sai an riƙe shi. Ya ce in ranar girkinsa ce kowa azumi yake ɗauka, don tuwonsa ko kare ba ya ci. Ya ce ya taɓa goya wata tsohuwa ya haye kogi da ita, tana zaginsa da yarenta har suka kai gaɓa. Ya ce duk likitan da suka haɗu da shi, sai Isa ya tsare shi da tambayar maganin sikila, har aka sa masa suna Baban Nura a duk rundunar.

Nura ya ce, "To ya taɓa kifar da gwamnati?"

Kofur ya yi dariya har da hawaye. "Isa? Yaro, mu ma a rediyo muke ji kamar kowa. Mu tashi da safe a ce mana an yi sabon shugaba."

Na juya in ga ko Baffa zai yi musu. Yana zaune ya sunkuya, yana goge ido da hannun riga.

Daga ranar manhajar ta canja. Baffa bai sayi littafi ba har suka gama firamare. Sai dai duk mako ya kama hannunsu ya kai su wurin wani a unguwa: tsohuwar ungozoma a Darmanawa, wani da ya yi aikin jirgin ƙasa, wata da mijinta bai dawo daga yaƙin basasa ba. Su zauna su ji, su yi tambaya, shi ma ya zauna a ƙasa tare da su kamar ɗalibi. Hoton kuwa, ban ce wa Nura komai ba. Da muka dawo daga Tarauni ya ja kujera ya hau, ya gyara shi da kansa, ya sa bakin rigarsa ya goge gilashin.

Da ciwon ajali ya kama Baffa, Nura ne ke jinyarsa, ya riga ya zama saurayi. Shi ya gaya min cewa duk bayan sallah, in Baffa ya gama yi wa iyayensa addu'a, sunan Isa ne ke biye.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya riƙe marayuna, Allah ya riƙe shi da rahama. Ya Allah ka haɗa shi da surukin da bai samu ya sani ba a duniya, su zauna a inuwa ɗaya a Aljanna. Amin.