Hanyar Jirgi a Gonar Kawu Tanko

Kawuna Tanko bai taɓa aikin jirgin ƙasa ba, ko sharar tasha. Albasa yake kaiwa Kotonu a ƙuruciyarsa. Ya hau kamiyo, babbar motar kaya, daga Gaya ya ƙetare gada zuwa Paraku, can ya yanki tike ya shiga jirgi. Amma in ka ji shi yana jero tashoshi, Paraku, Sabe, Dasa, Bohikon, da lokacin isa kowace da abin da mata ke sayarwa ta taga, sai ka rantse shi ya shimfiɗa hanyar. Jirgin fasinjan nan ya daina tafiya da daɗewa. Kawu bai daina ba.

Wata shekara masu awo suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku, suka kafa turaku masu jan fenti, suka ce ta nan jirgin Dosso zai bi ya sauka kudu. Turakun sun raba gonar Kawu biyu, daidai kwarin da ruwa ke kwanciya, inda dawa ta fi yi. Maƙwabtansa suka jira damina ɗaya, ta biyu suka tumɓuke turakun suka ɗaure awaki da su. Shi kuwa ya auna taki ashirin ya bari ba shuka. Duk bazara sai ya sayo fenti ya sabunta turakunsa.

"Ba a shuka kan hanyar mutane," in ji shi.

Mun yi masa dariya har mun gaji, ni ce ma kan gaba. Matarsa Hawwa ba ta dariya, don ita ke leƙa rumbu. Kowace shekara hatsi na ƙarewa wata guda kafin sabo ya nuna, kuma ta san abin da kwarin nan zai bayar ya rufe watan har da saura. Ta yi magana, ta aiko manya, ta yi fushi. Damina goma sha ɗaya ke nan.

Bara yanar ido ta rufe wa Kawu gani, ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Duk da haka ya ƙi sakin sungumi. A wurinmu namiji ke gaba yana saran ramuka, mace na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Da ruwan shuka ya sauka bana, sai Hawwa ta zama idonsa, tana baya tana faɗa masa dama ko hagu. Ina wurin, na zo taya su.

Da suka iso turken farko, inda ya saba juyawa, Hawwa ta dube ni ta dubi ƙasa.

"Miƙe, Malam. Da saura."

Kawu ya ɗaga sungumi ya sara. Ya ɗan tsaya, sannan ya sake sarawa. Haka ya ratsa kwarin da hannunsa, layi bayan layi, har azahar. Na ji kunya, na kuma ji tausayinsu su biyun, ban san wa na fi tausayawa ba.

Da muka zauna gindin gawo shan fura, Hawwa ta kasa kai ludayi baki.

"Malam, akwai abin da ni yi maka yau."

"Na sani," in ji Kawu. "Tun sara na hwarko. Ƙasar da ta huta shekara goma sha ɗaya ba ta ɓoyuwa ga sungumi."

"To mi ya hana ka tsayawa?"

Ya daɗe yana juya furar a ƙwarya.

"Taga nike so, Hawwa. In zamna bakinta in ga Gaya tana wucewa, ko sau guda. Yanzu ko jirgin ya zo, mi zan gani?" Ya miƙa mata ƙwaryar. "Sha. Da la'asar mu ƙarasa sauran."