Limaminmu da Kaskon Mazarƙwaila

Taubashina, ɗan kawuna, shi ke dafa mazarƙwaila a fadamar Wurno zamanin Turawa, shi ke kuma ba mu salla a ɗan masallacin unguwa. Ruwan rake da ƙwarya shika shan shi. Ana nan sai ya kama rama, ƙishirwa ba ta ƙarewa, kewayawa ba ta ƙarewa.

Da yake na ɗan leƙa elemantare kafin malamai su gane ba ni da rabo, ni anka sa in raka shi wurin malamin asibiti a Rabah. Malamin ya zuba fitsarinai cikin 'yar kwalba, ya haɗa da wani ruwa shuɗi, ya kara a wuta. Muna kallo, shuɗin nan ya rikiɗe ya koma ja. Ni mai ilimi sai da na yi salati. Yac ce ciwon suga ne: a bar rake, a bar zuma, a rage fura da tuwo.

A hanya na juye mai karatuna kaf. Na ambaci makanta, na ambaci yanke ƙafa, na kai shi har bakin kushewa.

"Kai bawana, mi kaka so?" in ji shi. "In ranata ta yi, ko ruwan randa nika sha tahiya za ni yi." Ya zaro guntun rake daga aljihu, shina tauna shina kallona.

Wata la'asar muna tsakiyar salla, fitsari ya ci ƙarfinai. Ya toshe hanci awa mai haɓo, yadda limamai kan yi, ya miƙo hannu baya ya jawo wanda zai ƙarasa. Ni hannun ya samu! Allah dai Ya karɓi sallar nan. Kafin magariba dattawa sun fara ƙus-ƙus a nemi wani limami.

Na tafi gidanai da tsiyata a baki, na iske shi zaune, ya ƙura wa ƙasa ido. Na haɗiye ta.

Da safe na bi shi fadama. Doki na juya injin matsa, kasko na tafasa, tururin nan mai zaƙi na dukan fuskatai, shi ko shina juyawa da ludayi, bakinai rufe. Na gutsuro mazarƙwaila mai ɗumi na kai mai har hanci.

"Ɗanɗana, Liman, ba mai gani."

"Na ɗauki niyyar yau tun asuba, awa azumi. Ta yau kaɗai. Gobe ka zo ka tambaye ni."

Na zo gobe. Na zo jibi. Har rake ya ƙare a fadama amsar ba ta sake ba. Jama'a, na ga masu kamun kada a gulbin Rima, ba su ba ni tsoro awa mutumin nan ba: wuni guda tsaye bisa abin da ransa ke so, ga shi a hannunai, shina sayar wa wasu.

Kewayawa ta ragu, ƙus-ƙus ya mutu. Wata asuba ya jawo wata doguwar sura, ya bi ta sannu, har ni ma fitsari ya matse ni. Da ya sallame sai ya waiwayo.

"Bawana, taka alwalar na nan?"

Na tashi na nemi buta.