Kifayen da ban rubuta ba

"Kaka, faɗa min kifayen kogin Gashuwa, malaminmu ya ce mu rubuto." Jikata Hauwa ce jiya, da biro a hannu.

Na ce tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa.

Irin wannan aikin aka taɓa ba mu a elementare, tun kafin 'yancin kai. Na sami Baba yana bandar kifi. Ya yi ta jero sunaye da yarenmu Badanci, kowanne da lokacin ƙwansa da watan da ba a kama shi.

Na katse shi: "Baba, waɗannan ai ba na makaranta ba ne."

Ya dubi allona ya ce, "To, rubuta na makarantar. Ran da ka buƙaci sauran, ina nan."

Na rubuta uku da Hausa, malam ya yaba min. Ban sake tambayarsa ba har ya rasu.

Hauwa ta ce, "Shi ke nan, Kaka?" Wallahi na kasa kallon idonta.

Badawan da ke nan, wanda tsohonsa ke raye ya tambayo mana, tun yana nan.